Jinin da Na Auna Ba Na Baba Ba Ne

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan da sauƙi. An sallamo Baba daga asibiti, yana iya zama ya sha ruwa da hannunsa, amma ƙafafunsa ba su ɗaukarsa tukuna. Inna tana nan, ta rame kamar ita ce mai jinyar.

Na zaɓi in rubuto ne don idan na kira ka, kuka zai hana ni magana. Ka san aikina a ɗakin gwaji: a kawo mini jini, in zuba a siririn bututun gilashi, inji ya wulwula shi har jan ya kwanta a ƙasa, ruwan jinin mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama, sai in auna kason kowanne. Da wannan awon likitocin bincike suke sanin wanda jikinsa zai ɗauki sabon maganin ƙodar da ake gwadawa, da yawan da za a ba shi. Da na auna na Baba, ruwa ya yi yawa ƙwarai, jan kuwa ɗan kaɗan ne. Na gaya wa kowa a gida cewa maganin nan zai kayar da shi, a yi haƙuri. Har kai na gaya wa, ka ce mini Allah ya zaɓa mafi alheri.

Da aka zo maimaita gwajin, Autarmu ce ta ɗebo jinin, tunda ita ce nas a sashen. Ta miƙo mini kwalba da sunan Baba a jiki. Yaya, da na ga jan ya hau, ban san sanda na yi guɗa ba, abokan aiki suna ta yi mini dariya wai malama ta zauce. Na sa hannu a takardar sakamakon da farin ciki, na koma gida ina yi wa Baba tsiya cewa jininsa ya fi na samari. Aka yi masa allurar farko, a banɗaki muka tsince shi ba ya motsi.

A asibiti na sake aunawa da kaina, na tarar jininsa yana nan yadda yake tun farko. Ina juyowa na ga Auta ta naɗe hannun riga za ta yi alwala, ga tabon allura a gwiwar hannunta. Ban ma tambaye ta ba ta fashe da kuka. Ta ce jininta ta zuba a kwalbar, kuma kai ne ka yi ta kiranta kana cewa ni na cika taurin kai da bin ƙa'ida, kada a bari in tare wa Baba hanyar samun lafiya. Inna ma ta ce ta sani.

Wato ku uku kuka zauna kuka shirya, ni kuka mai da ni hannun da zai sa hannu. Raina ya ɓaci da Auta, amma yarinya ce. Kai ne ka ci amanata, kai da kake cewa a gidanmu ni ce idonka.

Shugabar binciken ta dakatar da ni, tana jira in faɗi wanda ya ɗebo jinin. Idan na faɗa, Auta ta bar aikin jinya har abada. Idan na yi shiru, ni ce na kusa kashe ubana da awon ƙarya. Baba kuwa bai san komai ba. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ce masa 'yarsa ce ta auna, ita kuwa ba ta kuskure. Ba zan iya ci gaba da jin wannan ba. Ka kira shi ka gaya masa gaskiya da bakinka, kafin in shiga ofishin shugabar.

Ka gaishe da Anti, da Ɗan Baba, da takwarar Inna. Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Auta ma ta ce in gaishe ka, na ce mata ai tana da lambarka.

Wassalam,
Ƙanwarka ta ɗakin gwaji.