Ciwon Da Ba A Zuwa Dubiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu ma lafiya, sai dai Auta da ta faɗo daga matakala ta karye a hannu. An sa mata filasta, tana samun sauƙi.

Yaya, Allah ya yafe mini, kishin filastar nan nake yi. Tun da aka ɗaure hannun, ɗakinmu bai rabu da 'yan dubiya ba. Mama ke ba ta abinci a baki, Baba ya shigo da lemo ya wuce ni kamar labule. Har ɗan maƙwabtanmu mai gilashin nan, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ya zo ya zana mata fure a jikin filastar. A littattafan da nake karantawa tauraruwa ake yi wa haka, ga shi an yi wa yarinyar da ko fuska ba ta wankewa sai da faɗa.

Ni kuwa bayana ya daɗe yana ciwo. In na jima zaune a aji sai in ji kamar ana murɗa ni. Na gaya wa Mama, ta ce kwanciyar karatun soyayya ce, wai yaushe ma na yi bayan da zai yi ciwo. Rigunana kullum gefe ɗaya ya fi sauka, har ta yi wa tela faɗa, shi kuwa ya rantse daidai ya auna. Kwanaki ma'aikatan lafiya sun zo makarantarmu, suka ce ciwon ƙashi ba na tsofaffi kaɗai ba ne, ƙashin baya yana iya karkacewa tun ana tasowa, kuma an fi samun gyara in an gano da wuri. Da suka ce mu sunkuya su duba, kunya ta sa na ɓuya a bayi har suka tafi. Na dawo gida na tsaya gaban madubi, sai na ga kafaɗata ta dama ta ɗara ta hagu.

Don Allah ki kira Mama, maganarki take ji. Ranar da za a mai da Auta asibiti a tafi da ni, ni ma a duba ni. Kada ki ce ni na faɗa, ki ce a hoto kika lura. Tsoro nake ji, Yaya, kuma ke kaɗai na iya gaya wa.

Ki gaida maigidan, da Goggo, da 'yan biyunki.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru