Kunyar Balarabiya

Asabar, 13 ga Mayu, 2023

Sun iso. Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa a fili (takarda dai ba a jin kunyarta: Muzzammil), yaƙin Sudan ya koro shi gida saura kaɗan ya gama karatun likita. Jaka ɗaya ya zo da ita, sai matar da ya aura a can bara, wadda a hoto kawai na san ta. Shaima. Siririya, ta fi ni baƙi ma, amma Balarabiya ce. Ta sumbaci hannuna, ta zubo Larabci da gudu. Na ce "Na'am." Shekara da shekaru ina karantar da matan aure Alƙur'ani a tsakar gidan nan, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Talata, 16 ga Mayu

Gida ya koma kasuwa, rabin Gwandu sun zo kallo. Larai, tsohuwar ɗalibata da ke tahowa daga Kambaza, ta ɗauko jikanta mai tari wai Shaima ta yi masa tofi. "Bakin Balarabe ai ya hi namu kusa da Madina." Yarinya ba ta gane ba, ta karɓi yaro tana yi masa wasa, shi kuwa ya tsula mata fitsari. An yi dariya. Ban hana Larai ba, don a zuciyata ni ma haka na ɗauka.

Litinin, 22 ga Mayu

Na buɗe makaranta. Na ja aya biyu, sai na hango Shaima tsaye bakin ƙofar ɗakinta tana saurare. Na katse karatun. Ni, da harshena na Hausa, in karanta a gaban mai yaren? Na ce wa mata mura nake yi, na sallame su.

Alhamis, 25 ga Mayu

Murar ba ta warke ba. Allah Ya gafarta mini.

Juma'a, 2 ga Yuni

Na je Kalgo wurin ƙanwata Ladi, don ita kaɗai zan iya gaya wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, in haka na, kowane direban tasi na Makka limami na!" Ni ban ga abin dariya ba. Tsorona kada yarinyar nan ta ji karatuna ta gane duk abin da na koya wa matan nan a karkace yake. Ko da ba ta faɗa ba, zan gani a idonta. Har sallar asuba yanzu a ciki-ciki nake karanta ta.

Mata huɗu sun koma wata makaranta. Larai ce ke damuna. Ta haura saba'in, saura izu biyu ta sauke. Ranar nan ta ce mini, "Malama, ni hwa kwanana ba su da yawa."

Lahadi, 11 ga Yuni

Shaima ta tuƙa tuwo. Gudaji kamar an zuba tsakuwa, amma na cinye nawa tas, na ƙara. Ta daina fitowa tsakar gida sai da dalili. Wayar mahaifiyarta ba ta shiga, ba a san inda take ba. Na same ta tana kuka a bayan rumbu, na zauna kusa da ita, ba ni da kalmar da zan ba ta. Ta ɗora kanta a kafaɗata ta ce "Inna." Ina son yarinyar nan, wallahi ina son ta. Kuma ina jin tsoronta. Wannan wace irin uwar miji ce?

Laraba, 14 ga Yuni

Yau kam.

Larai ta zo da safe, babu ko doguwar gaisuwa. "Tunda murag ga ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a ba mu Balarabiya ta ƙarasa muna." Ban yi mata musu ba. Haƙƙinta ne. Na sa yaron nan ya gaya wa matarsa cewa daga gobe makaranta tata ce.

Ta shige ɗaki. Can sai ga su sun fito tare, idonta ja, shi ne tafinta. Wai ba za ta iya ba. Wai gajerun surorin salla kawai ta riƙe, ita harhaɗa magunguna ta karanta. Kakarta ce mai karatu a gidansu, ta sha kiranta ta zauna, ita kuma ta gudu kallon talabijin, har tsohuwar ta rasu. Ranar da ta tsaya bakin ƙofa, muryata ce ta tuna mata da kakar. Da na sallami mata, sai ta ɗauka ba na son baƙuwa ta ji karatuna, shi ya sa take ɓuya a ɗaki.

Na ce, "Tsaya. Balarabiya ba ta sauke ba?" Yaron nan ya juya baya yana danne dariya, mara kunya.

Sai ta durƙusa, da Hausarta mai ɗingishi: "Inna, ni koya."

Na dai tashi na shiga madafa, alhali ba ni da komai a wuta.

Asabar, 17 ga Yuni

An buɗe makaranta. Muryata ta yi rawa a ayar farko, ta biyu ta zauna. Shaima na can baya kusa da Larai. In an zo kalma mai wuya takan yi mana bayani da hannu da ido, ni kuma in gyara mata inda ake ja da inda ake tsayawa. Larai ta kalle ni ta ce, "Ashe mura ta warke." Na ce ta kula da shafinta.

Lahadi, 9 ga Yuli

Mahaifiyar Shaima ta kira, ta isa Masar lafiya. Alhamdulillah. Shaima ta ba ni wayar, muka yi ta "Na'am, na'am" ni da matar, muna kuka.

Litinin, 7 ga Agusta

Larai saura rabin izu. Ladi ta ce ita za ta kawo shinkafar walima daga Kalgo, mu gani.

Shaima ta ɓata mini rai yau. Tun Alhamis na ba ta hadda, ta zo tana in-ina, ashe hira ta sha da 'yan uwanta a waya. Na ce ta tashi ta koma gindin darbejiya ta maimaita, kada ta dawo sai ta riƙe. Ta tafi sum-sum. Sai Larai ta raɗa mini, "Malama, Balarabiya ta hwa."

Na ce, "To? Ta kawo haddar?"

Sai da aka watse na ji abin ya ɗan taɓa ni. Ban ba ta haƙuri ba, ba a ba ɗalibi haƙuri a kan hadda. Na dai dama mata fura, na zuba mata kindirmon da na ɓoye wa kaina. Gobe zan sake tambayarta, in ba ta kawo ba, darbejiya na nan.