Jan Biro

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da jikana, angon nawa da kika hana ni gani.

Na je wurin mai ba da shawarar da kika gindaya mini a matsayin sharaɗi. Ɗaki ne ɗan ƙarami, kujeru biyu da taga guda. A jikin ƙofarta an rubuta "kofa a bude take", babu ƙugiya ko ɗaya. Sai da na gaya mata kafin in zauna.

Ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce jikana ya rubuto mini kati, "Kaka, Allah ya kara lafiya", na ɗauki biro na gyara, na ɗan ɗaga murya, yaro ya yi kuka, uwarsa ta kwashe shi. Na ce ni masifaffiya ce, duk maɗaba'ar da na tsufa ina gyaran rubutu a cikinta sun sani. Ta ce wai ni daban, faɗan daban, in sa masa suna kamar baƙon da ya sauka a gidana. Na ce na karanta littattafai ba kaɗan ba, ban taɓa ganin inda aka raɗa wa hali suna ba. Ta zuba mini ido tana jiran suna. Don in huta na ce Jan Biro.

Abin haushin, sunan ya zauna daram. Yanzu ina jin tahowarsa, ta ƙeya yake shigowa.

Ta ce in nemo wanda ya taɓa ganin ranar da ya ƙwanƙwasa ban buɗe masa ba. Na ce babu. Ta ce in dai tambaya. To, ga shi na tambaye ki.

Ki huta lafiya.
Mamanki

*

Mama,

Barka da war haka, ya ƙafar? Duk muna lafiya.

Ni shaida ce. Lokacin da jikin Baba ya shanye, bakinsa ya ƙi magana, da hagu yake rubuta miki abin da yake so. "Rwa." "Sanu." Kina karantawa kina cewa, "To, ranka ya daɗe." Har ya rasu ba ki gyara masa harafi ba. Ranar da ƙanensa ya yi wa rubutun dariya kam kin buɗe wa Jan Biro ƙofa har da taga, kuma ban ga laifinki ba.

Angonki yana tambayarki, amma yanzu ko a gabana rufe littafinsa yake da hannu. An kusa ba su hutu, ban yanke shawara ba. Ki gaya mini gaskiya, in ya sake yin kuskure, me za ki yi?

Allah ya bar mana ke.
Autarki

*

Auta,

Ƙafa da sauƙi, na gode.

Na kai wa matar wasiƙarki. Ta ce in karanta da ƙarfi, na kasa ƙarasawa, na ce mura ce. Wallahi na manta da wannan matar da kika ba ni labarinta, ashe tana nan a cikina.

Kin nemi gaskiya. Ba zan zama waliyyiya ba, idona zai ga kuskure tun daga bakin ƙofa. Amma in ƙeyata ta fara zafi, fita nake in ba shukoki ruwa. Nawa sun ƙoshi har sun fara ruɓewa, na koma na maƙwabta. Mai gidan kusa ya ce in taimaka in riƙa yin fushi ta wajen lemonsa.

Abin da nake da shi ke nan. In ya yi miki, ki kawo mini mijina.

A gaida kowa.
Mamanki

*

Mama,

Ina gaisuwa. Muna tafe ranar Asabar da hantsi. Ya ce in tambaye ki ko akwai ƙaramin bokiti, wai zai taya ki.

Sai mun iso.
Autarki