Zoben Roba a Cikin Yashi

Laraba da dare, Jibiya

Na gaji. Yau a shingen bincikenmu oga ya ce in ƙwace bindigar wasan da wani dattijo ɗan Maradi ya saya wa jikansa, wai ta yi kama da ta gaske. Na kwance ta don oga ya gani: bututu ne kawai, da murɗaɗɗiyar wayar sifirin, da zoben roba mai riƙe iska. Iskar ce ke tunkuɗa harsashin soso.

Oga ya yarda. Amma zoben ya faɗa yashi, har la'asar muna nema, ba mu gan shi ba. Na harhaɗa ta, sai huci take, ba ta harbi. Wata bakwai rabona da 'ya'yana, ga shi na lalata ta ɗan wani.

Dattijon ya karɓa ya ce, "Ba komi, yallaɓai. Yaro shi yi ƙarar da bakinai."