Jan Fentin da Kuka Bari a Bakin Rijiyarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da manyan malamanka masu dogayen riguna, da fatan ruwan ofishinku yana nan da sanyinsa.

Sunana Malam Garba, tsohon hedimasta a wani ƙauyen masunta kusa da Warra, a bakin tafkin Kainji. Na ji ka a rediyo kana cewa jami'arku za ta ƙarfafa hidima ga al'umma, har kun buɗe wa abin ofis. Madalla! To ga al'umma ta kawo kanta.

Na ɗaya. Damina uku ke nan da motarku ta zo mana da wani Dakta da ɗalibansa. Da yake ni ne mai ɗan Turanci, ni na yi musu tafinta. Ni na yi shela a masallaci, na aika coci, na ce mutanen ilimi ne, a ba su haɗin kai. Suka ɗebi ruwan rijiyarmu a kwalabe, suka tambayi mata sau nawa yara ke zawo, suka ci soyayyen giwan ruwa har Dakta ya nemi ƙari. Da za su tafi, ɗalibi ɗaya ya ja layi biyu a gicciye da jan fenti a bakin rijiyar, ya rubuta bakwai. Na tambayi ma'anarsa, Dakta ya ce sakamako zai zo cikin mako biyu.

Na biyu. Ranka ya daɗe, mutanenmu sun san jan fenti tun kafin ɗalibin nan ya zo duniya. Inna tana goye da ni aka shafa irinsa a bangon gidanmu na tsohon gari, ba a jima ba ruwan dam ya haɗiye garin. Da ta ga alamar a bakin rijiyar sai ta ce, "Garba, na san wanga fenti. Kar wanda ya sake sha." Mata suka ɗauki tuluna suka koma tafki. Na ce su dakata mako biyu kawai. Suka ce in rantse ruwan lafiya yake. Da me zan rantse? Wataƙila guba kuka gani, wataƙila kuma ƙidayar rijiyoyi yaron ke yi don kada ya ruɗe. Yau ko yaran da na koyar ba sa kirana Hedimasta, sai Malam Mako Biyu.

Na uku. Sau biyu ina zuwa jami'arku. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai mabuɗi ya fita. A zuwa na biyu aka yi mini albishir cewa Dakta ya zama Farfesa, yana ƙasar waje yana jawabi a kan ruwan shan mutanen karkara. Kai, na taya shi murna! Daga baya 'yata ta samo mini takardar binciken da ya wallafa a waya. Ashe garinmu ya sake suna, yanzu Wuri na Bakwai muke. Na sa tabarau na karanta ta har ƙarshe, ban ga inda aka ce a sha ko kar a sha ba. Abin da na tsinta shi ne ana buƙatar ƙarin bincike. An gode wa mutane da yawa a ƙasan takardar, har da wanda ya gyara Turancin. Mai giwan ruwa bai samu shiga ba.

Na huɗu, kuma a nan dariyata ta ƙare. Jikata Hauwa, mai shekara bakwai, tana fitsarin jini. A asibiti aka ce tsargiya ce, ta same ta a ruwan tafki, inda take bin uwarta ɗiba kullum. Ga rijiya taku ashirin daga ƙofarmu, an rufe ta da kwano. Wallahi abin yana ci mini rai, domin da bakina na ce a amince da ku.

Saboda haka ina roƙo. Kada ku kawo mana huluna da riguna masu tambarin jami'a, kada a kafa rumfa, kada a ɗauki hoto. Ku aiko mutum ɗaya mai jin Hausa, ya tsaya a bakin rijiyar ya faɗi abin da ke cikin kwalaben nan. In ruwan lafiya yake, ya zo da farin fenti. In ba lafiya ba, ya gaya mana abin yi. Kuma daga yau, duk ɗalibin da bai koma ya faɗa wa masu rijiya abin da ya gani ba, a riƙe masa digirinsa, ko da na mako biyu ne, irin naku.

In kuma amsar ta ɓace a cikin fayil, ba komai. Ka zo da kanka, ranka ya daɗe. Mu mutane ne masu karɓar baƙo da ruwa. Zan jawo maka daga Wuri na Bakwai a sabuwar ƙwarya, Inna da Hauwa suna tsaye suna kallo. In ka sha, mun samu sakamako. In ka ce kana azumi, shi ma mun samu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ɗaukaka jami'arku, ya kuma raba jikokinka da abin da ke damun jikata.

Wassalam.

Malam Garba, wanda ake kira Mako Biyu.