Gayyar Magudanar Zango

Damagaram, 14 ga Yuni 1960

Zuwa ga Yaya Idirisu a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a cinikin goro, ya dawo mana da kai muna da rai. Mu nan sai godiya. Inno tana nan da ƙarfinta, ƙafa ce kawai ke damunta, baki kuwa bai rage komai ba. Zuliha ta sauka lafiya, an sami mace, sunanta Wasila.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne magudanar ruwan nan da ta bi bayan gidanmu ta nufi kasuwa. Shekara biyu ba a yashe ta ba, ta cike da rairayi da shara da ƙasusuwan mahauta. Bara ruwa ya rasa hanya ya ci gindin bangon ɗakin Inno. Bana in ya maimaita, ɗakin ba zai ga kaka ba, ita kuma ta rantse ba za ta fita daga ɗakin da Baba ya gina mata ba. Na je biro, ofishin hukumar gari, sau uku. Mushe Garba, mai kula da tsabtar gari, ya shimfiɗa mini taswira kyakkyawa mai ja da shuɗi, ya ce aljihun gari babu komai sai iska, an sallami masu yasa, alfadarin da ke jan amalanken shara ma ya mutu, a jira mulkin kai a watan Agusta. Na ce masa na karanta duk abin da aka buga kan mulkin kai, ban ga inda aka ce hadari zai jira shi ba.

Da na matsa, sai ya ce zai taimaka. Ya aiko gardi, ɗan sandan hukuma, da jar hula da takardar sunaye, yana bi gida gida yana kiran maza su fito aiki. Ka san mutanenmu. Shekara goma sha huɗu da soke aikin dole, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Kafin azahar maza sun watse, unguwarmu ta Zango ta zama ta mata. Har Nomau mahauci, da bai taɓa riƙe hauya ba, aka ce ya tafi duba gonarsa a Droum.

Inno ce ta ce karatu ya cinye mini wayo, ba a kiran ɗa aiki da takarda, da ganga da fura ake kiransa. Sai na kira gayya da sunan gidanmu. Dodo makaɗi ya amsa, maza arba'in sun ba ni hannu. Mushe Garba zai ara mana felu shida na kwasar ƙasa, na roƙe shi don Allah ya bar gardin a gida. Ranar Lahadi za mu yashe ta daga masallaci har bakin kasuwa, ko da ni kaɗai zan rage a ciki.

Saura abin da 'yan gayya za su sha. Babu geron da zai isa sai na rumbunka, wanda ka ce kada a taɓa sai ka dawo. Ina neman izininka, Yaya. Sai dai na duba, kafin amsarka ta iso daga Kumasi damina ta yi rabi, saboda haka na riga na buɗe, mata suna kan daka yanzu haka. In ka dawo ka yi mini faɗa son ranka, zan durƙusa in saurara a inuwar bangon Inno.

Ka gai da Yaya Barira, da Yusufu da Zara, da maƙwabcinka Kyari. Inno tana sa maka albarka, ta ce geron yana da tsakuwa.

Ƙanenka,
Alkasum