Keke Ya Kwanta, Kuɗin Batir Suna Cikin Waya

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu garkar kayan lambu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ɗawainiya, ina gaishe da iyali. Ni ce Hajiya Rabi ta Lazaret, wadda keken ƙungiya ke kwana a tsakar gidanta. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina neman magana a taro ana ce mini in dakata.

Na farko. Alhaji, ka san abin da ya sa muka sayi wannan keke mai taya uku. Tsadar esansi, wato man fetur, da wulaƙancin masu taksi ne suka ishe mu, muka haɗa hannu muka sayi mai aiki da batir, hasken rana ke cika shi. Malam Isuhu direba yakan ɗauko salati da tumatir da shu, wato kabeji, daga bakin kogi, ya sauke a kasuwar Lazaret tun da sanyin safiya, ya wuce gidan abincin nan na Koira Kano. Kowane mako muna ware wani abu, domin mai sayarwa ya gaya mana batir yana da ajali. Ajalin ya zo. Yau mako biyar kajina ke kwana a kan keken.

Na biyu. Kuɗin batir suna cikin kirifto, kuɗin nan na intanet da darajarsa ke hawa da sauka a waya. Ba zan ɗora maka laifin kai kaɗai ba. Ɗana Sani ne ya kawo shawarar, ya zagaya taro da wayarsa yana nuna mana koren layi yana hawa. Ni ma na ɗaga hannu. Na yi koleji, na san lissafi, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Da abin ya hau har ana zancen keke na biyu, na ce a cire. Aka ce wa ke tsige shu tun bai naɗe ba. Da ya faɗo, aka ce a jira ya koma inda yake. In ya hau a jira, in ya faɗo a jira. To wace rana ce ranar cirewa?

Na uku. Sani yana cewa ba a yi hasara ba sai an sayar, kai ma ka maimaita a gaban mutane. Shekara nawa kana sayar da kayan gwari? In la'asar ta yi tumatir bai ƙare ba, karya farashi kake yi ka sallamar, ka tafi gida da abin da ya samu. Ban taɓa ganin ka rungume kwando kana cewa ba ka yi hasara ba tunda ba ka sayar ba. Kunya ce ta riƙe mu. Ba mai son ya zama na farkon da zai ce mun yi kuskure.

Na huɗu. Jiran nan ci yake yi. Kayanmu a amalanke suke zuwa yanzu, salati ya iso ya yi laushi kamar an dafa shi. Mai gidan abinci ta ce in wata ya ƙare haka, za ta nemi wasu, kuma ban ga laifinta ba. Malam Isuhu yana zaune da iyali ba aiki. A gidana, Sani mai 'ya'ya biyu yana cin tuwo waya na gefen kwano, in layin ya yi ja ko gaisuwar matarsa ba ya amsawa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Fita daga ƙungiya ba ta yiwuwa, rabona yana cikin keken. Cire kuɗin ma ba hannuna ba ne, sai taro ya yarda kai da Sani ku buɗe asusun.

Na kai wa mai gyara lissafin abin da ya rage. Ya ce yau abin zai isa sayen batir na hannu mai sauran ƙarfi. In ya ƙara faɗuwa, ba zai isa ba.

Don haka ina roƙo ka kira taro ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A yi ƙuri'a a takarda kan cire kuɗin a sayi batir, kowa ya naɗe tasa, domin matan nan fuskarka suke duba kafin su ɗaga hannu. In ana neman wanda zai fara amsa kuskure, a rubuta sunana a sama, na ɗana a ƙasa. In kuma mun cire abin ya tashi washegari, kowa ya san ƙofar gidana, a zo a zage ni, zan shimfiɗa tabarma.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar yanke wannan magana, ya shirya mana 'ya'yanmu.

Wassalam.

Hajiya Rabi, Lazaret, Yamai